Wa zai kawo shaida? Bayani kan rikicin takardun zama ɗan ƙasa a rajistar zaɓen Amurka

Mai sauraron labaran Amurka daga nesa zai iya ɗauka cewa 'yan Republican da 'yan Democrat suna jayayya ne a kan ko baƙo yana da damar kaɗa ƙuri'a. Ba a nan gardamar take ba. Dokar tarayya ta haramta wa wanda ba ɗan ƙasa ba zaɓen shugaban ƙasa da na 'yan majalisar tarayya, kuma babu jam'iyyar da ke neman a soke haramcin. Inda aka rabu shi ne hanyar tabbatarwa. Mutum ya rantse a rubuce cewa shi ɗan ƙasa ne, hukuma ta bincika da kanta? Ko kuwa sai ya ɗauko fasfo ko takardar haihuwa ya ajiye a gaban jami'i kafin a sa sunansa a rajista? A baki tambayar ƙarama ce, amma ta kai Kotun Ƙoli fiye da sau ɗaya, ta tsayar da rajistar mutum sama da 30,000 a jiha guda, kuma ita ce ƙashin bayan ƙudirin da ake kira SAVE Act.

## Abin da doka ta riga ta tanada

Ba tun fil'azal baƙi suke da wannan haramci ba. A ƙarni na 19 jihohi da dama sun bar baƙin da suka bayyana niyyar zama 'yan ƙasa su yi zaɓe, domin a jawo mutane su zo su zauna. A hankali aka janye damar, jihar Arkansas ce ta ƙarshe a 1926. A 1996 Majalisar Dokokin tarayya ta mai da abin laifi a sarari: baƙon da ya kaɗa ƙuri'a a zaɓen tarayya zai iya shan ɗaurin shekara ɗaya, wanda ya yi ƙaryar zama ɗan ƙasa don ya yi rajista kuma har shekara biyar. Bayan ɗauri akwai kora daga ƙasar, wadda ga mafi yawan baƙi ta fi ɗaurin ciwo.

Dokar rajistar masu zaɓe ta 1993, wadda Bill Clinton ya sa wa hannu, ita ta kafa tsarin da ake bi yanzu. Ta wajabta wa jihohi su ba mutane damar yin rajista a ofishin lasin tuƙi da kuma ta gidan waya, ta kuma samar da fom guda na tarayya wanda dole kusan kowace jiha ta karɓa. A fom ɗin mutum yana sa hannu cewa shi ɗan ƙasa ne, bisa sanin cewa ƙarya a nan rantsuwar zur ce. Bayan rikicin ƙidayar ƙuri'un Florida na 2000, dokar 2002 ta ƙara cewa mai rajista ya rubuta lambar lasinsa na tuƙi ko lambobi huɗu na ƙarshe na lambarsa ta inshorar jama'a, jiha kuma ta gwada su da bayanan da ke hannun hukuma. Wannan gwaji yana tabbatar da cewa mutumin yana nan kuma shi ne, amma ba lallai ya nuna ɗan ƙasa ne ba, tun da baƙi masu izinin zama su ma suna da lasin tuƙi da waccan lamba. Ta wannan ƙofa masu neman a tsaurara suke shigowa.

Akwai ƙananan wurare da suka bar baƙi su yi zaɓen gari kawai, kamar Takoma Park a jihar Maryland, da birnin Washington, da San Francisco a zaɓen hukumar makarantu. Birnin New York ya yi irin wannan doka, kotun ƙolin jihar ta rushe ta a Maris 2025. Waɗannan zaɓuɓɓuka ba su shafi kujerun tarayya ba.

## Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Nuna katin shaida mai hoto ranar zaɓe daban, kawo shaidar zama ɗan ƙasa ranar rajista daban. Na farko yana amsa tambayar "kai ne mai wannan suna?", na biyu kuma "kana da haƙƙin shiga rajistar?". Jihohi da yawa suna neman na farko, kaɗan ne suke neman na biyu.

Sai lasin tuƙi na zamani da ake kira REAL ID. Mutane da yawa, har da Amurkawa, suna zaton shi kaɗai ya isa shaida. Bai isa ba, domin mai katin zama na dindindin, wato girin kad, shi ma ana ba shi, kuma galibi ba a rubuta matsayin mutum a jikinsa. Jihohi biyar ne da ke iyaka da Kanada, wato Michigan, Minnesota, New York, Vermont da Washington, suke bayar da wani lasin na musamman da ke nuna mai shi ɗan ƙasa ne.

Na uku, sunan SAVE kansa abu biyu yake nufi. Akwai ƙudirin doka da ke gaban majalisa, akwai kuma wani tsohon rumbun bayanai na hukumar shige da fice mai wannan suna, wanda ma'aikatu ke amfani da shi wajen duba matsayin baƙi. A 2025 gwamnatin Trump ta faɗaɗa rumbun yadda jihohi za su iya zuba sunayen masu zaɓe da yawa a lokaci ɗaya su duba. Ƙudirin yana ɗora nauyi a kan mai zaɓe, rumbun kuma kayan aikin hukuma ne.

## Ƙasar da ba ta da katin ɗan ƙasa

Abin da ya sa wannan magana ta yi wa Amurka wuya fiye da ƙasashen Turai da yawa shi ne ba ta da katin shaida na ƙasa baki ɗaya, ba ta kuma da kundi guda da ya tattara sunayen 'yan ƙasarta. Takardar haihuwa jiha ko ƙaramar hukuma ke bayarwa, kowace da fasalinta da kuɗinta. Fasfo na tarayya ne, amma kusan rabin Amurkawa ne kawai suke da shi, domin mutum zai iya tafiyar kwana da kwanaki a mota bai fita ƙasar ba. Shi ma zaɓen ba hukuma ɗaya ke gudanar da shi ba kamar yadda INEC ke yi a Najeriya. Dubban ofisoshin ƙananan hukumomi ne ke riƙe da rajista a ƙarƙashin dokokin jihohi 50, har akwai North Dakota da ba ta yin rajistar masu zaɓe kwata-kwata.

Kundin tsarin mulki ya raba ikon gida biyu. Jihohi ke faɗin wanda ya cancanci zaɓe. Majalisar tarayya kuma tana da ikon tsara lokaci da wuri da yadda za a gudanar da zaɓen 'yan majalisa. To neman takarda, sharaɗin cancanta ne ko yadda ake gudanarwa ne? Lauyoyi sun shafe shekara ashirin a kan wannan gaɓa. Shugaban ƙasa dai kundin bai ambace shi a wannan rabo ba, abin da zai dawo da muhimmanci a 2025.

## Arizona: rajista hawa biyu

A 2004 masu zaɓe a Arizona, jihar da ke iyaka da Mexico, suka amince da dokar da ta ce sai da takardar shaida za a yi wa mutum rajista. Ƙungiyoyi, ciki har da na ƙabilun asalin ƙasar, suka kai ƙara. A 2013 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci da alƙalai bakwai a kan biyu, kuma Antonin Scalia, wanda aka sani da ra'ayin riƙau, shi ya rubuta. Ya ce tun da dokar 1993 ta umarci jihohi su karɓi fom ɗin tarayya su yi aiki da shi, Arizona ba ta da ikon ƙara masa sharaɗi a zaɓen tarayya.

Arizona ba ta janye dokarta ba, sai ta raba rajistar. Wanda ya kawo takarda yana samun cikakkiyar takardar ƙuri'a. Wanda bai kawo ba ana sa shi a rukunin "tarayya kawai": zai zaɓi shugaban ƙasa da 'yan majalisar tarayya, amma ba gwamna ba, ba 'yan majalisar jiha ba, ba ƙuri'ar raba gardama ba. Dubun-dubatar mutane ne a wannan rukuni. Binciken da kafar labarai ta Votebeat ta yi ya gano cewa sun fi taruwa a unguwannin jami'o'i da kusa da wani masaukin marasa gida a Phoenix, wato ɗaliban da suka baro takardunsu a gidan iyaye da mutanen da ba su da inda za su ajiye takarda. A 2022 jihar ta ƙara tsaurarawa, kuma a Agustan 2024 Kotun Ƙoli, da biyar a kan huɗu, ta bar ta ta ƙi karɓar fom ɗin jiha idan babu takarda, amma ba ta bar ta ta hana 'yan "tarayya kawai" zaɓen shugaban ƙasa ba.

Sai ga wani abu ya ɓullo ana saura makonni a yi zaɓen 2024. Arizona tana ɗaukar lasin tuƙin da aka bayar daga Oktoban 1996 a matsayin shaida. Aka gano cewa kwamfutar jihar ta daɗe tana kuskure: wanda ya karɓi lasin kafin wannan lokaci, daga baya ya sake karɓar kwafi, sai ta lissafa shi a cikin waɗanda suka kawo shaida alhali ba a taɓa tambayarsa ba. Da farko an ce mutum kusan 98,000 ne, daga baya adadin ya kai wajen 218,000. Galibinsu manya ne da suka shekara da shekaru suna zaɓe, kuma 'yan Republican sun fi 'yan Democrat yawa a cikinsu. Reshen jam'iyyar Republican na jihar da kansa ya roƙi kotu kada a rage musu ƙuri'a, kotun ƙolin jihar kuma ta bar su suka yi cikakken zaɓe. Wannan ya nuna cewa ko jihar da ta shekara ashirin tana aiki da dokar ba ta kuɓuta daga tangarɗar takardu ba.

## Kansas: gwajin da aka ƙidaya sakamakonsa

Babu inda aka auna wannan doka da alƙaluma a gaban kotu kamar Kansas. Sakataren jihar na lokacin, Kris Kobach, wanda ofishinsa ke kula da zaɓe, shi ya tura dokar a 2011, ta fara aiki a Janairun 2013. Cikin 'yan shekaru aka dakatar ko aka soke rajistar mutum sama da 31,000, kimanin kashi 12 cikin ɗari na masu neman rajista a wancan lokaci. Da yawansu sun cike fom a ofishin lasin tuƙi sun tafi gida da zaton an gama, sai ranar zaɓe suka tarar babu sunansu. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kai ƙara an haife shi ne a wani sansanin sojan sama a Illinois da aka riga aka rufe, neman takardar haihuwarsa ya zame masa aiki.

A shari'ar 2018 aka nemi jihar ta kawo adadin baƙin da suka shiga rajista kafin dokar. Abin da kotu ta tabbatar shi ne mutum 39 tsakanin 1999 da 2012. Kobach ya kafe cewa waɗannan somin taɓi ne, akwai dubbai da ba a gano ba. Mai shari'a Julie Robinson, wadda George W. Bush ya naɗa, ta ce shaidun da aka gabatar ba su nuna haka ba, kuma yawancin waɗanda aka samu kuskuren ma'aikata ne ko rashin fahimtar fom. Ta rushe dokar. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2020, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraron ƙarar. Scott Schwab, ɗan Republican da ya gaji Kobach, wanda ya goyi bayan dokar lokacin yana ɗan majalisar jiha, ya fito daga baya ya ce abin bai yi wa Kansas kyau ba.

Masu goyon bayan neman takarda suna cewa matsalar Kansas ta aiwatarwa ce, kuma fasahar duba bayanai ta ci gaba tun daga lokacin. Masu adawa kuma suna cewa 31,000 a gefe ɗaya da 39 a ɗaya gefen ba kuskuren aiwatarwa ba ne, haka dokar take aiki.

## Ƙudirin SAVE da umarnin Trump

Tun da hukuncin 2013 ya ce dokar tarayya ce ta ɗaure hannun jihohi, sai 'yan Republican suka nufi gyara dokar kanta. Chip Roy na Texas ya gabatar da ƙudirin SAVE a Majalisar Wakilai, Mike Lee na Utah kuma a ta Dattawa. Wakilai sun amince da shi a Yulin 2024 da ƙuri'a 221 a kan 198, suka sake amincewa a Afrilun 2025 da 220 a kan 208, 'yan Democrat huɗu suka bi. A Fabrairun 2026 suka zartar da wani sabon salo mai suna SAVE America Act, wanda ya ƙara da sharaɗin katin shaida mai hoto wajen kaɗa ƙuri'a. Cikas ɗin yana Majalisar Dattawa, inda ƙa'ida ke neman ƙuri'a 60 cikin 100 kafin a rufe muhawara a kan irin wannan ƙudiri, alhali zaɓen 2024 kujera 53 ya ba 'yan Republican.

Ƙudirin ya lissafa takardun da za a karɓa: fasfo, ko katin gwamnati mai hoto da ke nuna an haifi mutum a Amurka, ko katin soja haɗe da takardar aiki mai nuna wurin haihuwa, ko kuma kati mai hoto haɗe da takardar haihuwa ko takardar zama ɗan ƙasa. Wanda ya aika fom ta gidan waya sai ya je ofishin zaɓe da ƙafarsa ya nuna takardar. Jami'in da ya yi wa mutum rajista ba tare da shaida ba zai iya fuskantar ɗauri, kuma kowa na iya kai shi ƙara. An umarci jihohi su samar da hanya ga wanda ba shi da takardun ko wanda sunansa ya saɓa, amma ba a fayyace hanyar ba, ba a kuma ware kuɗin aikin ba. Wanda ya riga ya yi rajista ba a ce ya sake ba, sai dai Amurkawa mutane ne masu yawan ƙaura, kuma wanda ya koma wata jiha sabon mai rajista ne.

A 25 ga Maris 2025 Shugaba Trump ya sa hannu a kan umarnin da ya nemi hukumar tarayya mai kula da fom ɗin ta ƙara sharaɗin takarda. Mai shari'a Colleen Kollar-Kotelly a Washington ta dakatar da wannan sashe a Afrilu, ta kuma mai da dakatarwar ta dindindin a ƙarshen Oktoba, bisa hujjar cewa jihohi da majalisa kundin ya ba ikon tsara zaɓe. Wata kotun a Massachusetts ta yi irin wannan hukunci a ƙarar da jihohi 19 suka shigar. A nasu ɓangaren, New Hampshire da Louisiana da Wyoming sun yi dokokinsu na jiha.

## Baƙi nawa ne suke zaɓe?

Ana samu, amma duk binciken da jihohi suka yi da kansu adadi kaɗan yake fitarwa. Georgia, ƙarƙashin sakatare ɗan Republican Brad Raffensperger, ta tantance rajistarta a 2024 ta samu baƙi 20 cikin mutum miliyan 8.2. Michigan ta duba zaɓen 2024 ta samu ƙasa da 20 cikin ƙuri'a miliyan 5.7. Iowa ta tabbatar da baƙi 277 a rajista, 35 daga cikinsu an ƙidaya ƙuri'unsu a 2024.

Masu goyon bayan ƙudirin suna da amsa biyu, kuma ba na wasa ba ne. Ta farko, bincike yana kama wanda ya bar sawu ne a bayanan hukuma, wanda bai bari ba babu mai ganinsa. Ta biyu, akwai zaɓen da 'yan ƙuri'u ke yankewa. Florida ta 2000 da 537 aka raba, kujerar babban lauyan Arizona a 2022 da 280, wata kujerar Majalisar Wakilai a Iowa a 2020 kuwa da ƙuri'a shida. Ƙuri'ar sirri ce, idan ta shiga akwati ba ta fitowa. Haka ya faru a Ann Arbor a 2024, inda wani ɗalibi ɗan China ya yi rajista ya kaɗa ƙuri'a, aka gurfanar da shi, amma ƙuri'ar ta riga ta shige na'ura. Suna kuma nuni da ra'ayin jama'a: ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup a Oktoban 2024 ta nuna kashi 83 cikin ɗari suna goyon bayan neman shaida ga mai rajistar farko. A ganinsu, ko da matsalar ƙarama ce, yarda da sakamakon zaɓe abu ne mai daraja da ya cancanci ɗan wahala.

Masu adawa suna cewa hujjar zaɓe mai ƙaramar tazara kaifi biyu gare ta: idan ƙuri'ar baƙo 35 na iya juya sakamako, hana 'yan ƙasa dubbai ya fi iya juya shi. Suna ƙarawa da cewa baƙon da ya sa sunansa da adireshinsa a kundin gwamnati don ƙuri'a ɗaya ya sayar da zamansa a ƙasar da araha, shi ya sa masu yin hakan da gangan ba su da yawa. Akwai kuma tarihi. Har zuwa shekarun 1960 jihohin kudu suna amfani da harajin zaɓe da jarrabawar karatu wajen hana baƙaƙen fata, sai gyaran kundi na 24 a 1964 da dokar haƙƙin zaɓe ta 1965 da hukuncin Kotun Ƙoli na 1966 suka kawar da su. Duk sharaɗin da zai sa mutum ya kashe kuɗi kafin ya yi zaɓe, da wannan ido ƙungiyoyin kare haƙƙi suke kallonsa.

Tsakanin biyun akwai masu cewa a bar rantsuwar, hukuma ta yi binciken a rumbunan bayananta, sai wanda aka kasa tabbatarwa a nemi takardarsa. Wannan ya fi sauƙi ga jama'a, amma shi ma yana da ramin da aka taɓa faɗawa. A 2019 Texas ta sanar da sunaye 95,000 da take zargi, sai ta bayyana cewa dubun-dubata daga cikinsu sun karɓi lasin tuƙi suna baƙi, daga baya suka zama 'yan ƙasa, bayanan ofishin lasin ne ba a sabunta ba. Sakataren jihar David Whitley ya bar kujerarsa. A 2024 Alabama ta ware mutum 3,251, aka gano sama da 2,000 'yan ƙasa ne, kotu ta dakatar da shirin.

## Waɗanda abin zai fi taɓawa

Wani bincike na 2024 da Cibiyar Brennan ta yi tare da Jami'ar Maryland da wasu ƙungiyoyi ya ƙiyasta cewa 'yan ƙasa miliyan 21.3, kimanin kashi tara cikin ɗari na waɗanda suka isa zaɓe, ba za su iya fito da takardar shaida cikin gaggawa ba, kuma wajen miliyan 3.8 ba su da ita sam. Cibiyar tana adawa da ƙudirin, kuma rashin takarda a kusa ba ya nufin ba za a iya samo ta ba. Amma samowar kuɗi ce da lokaci: sabon fasfo na babba dala 165 ne, ga jiran makonni.

Matan aure su ne rukuni mafi girma. A al'adar Amurka mace kan bar sunan mahaifinta ta ɗauki na gidan miji, saɓanin abin da aka saba a ƙasar Hausa, kuma binciken Pew na 2023 ya nuna kusan takwas cikin goma sun yi haka. Sunan da ke takardar haihuwarta ba shi ne a lasinta ba. Idan ba ta da fasfo sai ta haɗa da takardar aure, wadda ta yi aure biyu kuma ta nemo ta farko da ta saki. Masu ƙudirin sun ce jihohi za su karɓi waɗannan takardu, masu suka kuma sun ce ƙudirin na 2025 bai ambace su a jerinsa ba. A zaɓen garuruwa na New Hampshire a Maris 2025 an ga misali: an mayar da wasu mata gida su ɗauko takardar aure, wasu sun dawo, wasu ba su dawo ba.

Sai tsofaffin da ungozoma ta karɓi haihuwarsu a gida a ƙauyukan kudu ko a yankunan ƙabilun asali, ba a yi musu rajistar haihuwa a kan lokaci ba. Sai mutanen karkara da ofishin zaɓe ke da nisan awoyi daga gidajensu, da sojojin da ke aiki a ƙasashen waje, da waɗanda gobara ko ambaliya ta cinye musu takardu. Rajista ta intanet, wadda jihohi sama da 40 suke yi, da rajistar da ƙungiyoyi ke yi a coci-coci da harabar jami'o'i, duk sai an sake musu fasali idan dole ne a ga takarda ido da ido.

Wace jam'iyya za ta yi asara? Amsar ba a miƙe take ba. Matasa da marasa galihu, waɗanda suka fi karkata ga Democrat, suna cikin masu ƙarancin takardu. Amma fasfo ya fi yawa a hannun masu digiri da mazauna manyan birane, ya fi ƙaranci a jihohi irin su West Virginia da Mississippi da ke zaɓen Republican, kuma matan Republican sun fi sauya suna bayan aure. Abin da ya faru da mutum 218,000 na Arizona ya nuna cewa ramin ba ya tambayar katin jam'iyya.

## 'Yan Afirka ta Yamma mazauna Amurka

Ga Hausawa da sauran 'yan yankinmu da ke zaune a Bronx ko Greensboro ko Houston, maganar ta kasu gwargwadon takardar da mutum ke riƙe da ita. Mai girin kad ba ɗan ƙasa ba ne, komai daɗewarsa, komai harajin da yake biya. Haɗarin da ya fi kusa da shi yana ofishin lasin tuƙi, inda ake miƙo tambayar rajistar zaɓe tare da sauran tambayoyi, mutum ya danna "e" bai lura ba. Fom ɗin neman zama ɗan ƙasa yana tambaya ko mutum ya taɓa yin rajistar zaɓe ko kaɗa ƙuri'a, kuma amsar na iya rushe neman, har ta kai ga shari'ar kora.

Wanda ya riga ya yi rantsuwar zama ɗan ƙasa, kamar mutum sama da 800,000 da suka yi a 2024, yana da takarda a hannu, kuma sau da yawa ya fi haifaffen ƙasar shiri domin yana da fasfo na zuwa gida. Matsalarsa ita ce tsofaffin bayanai: idan bai koma ofishin lasin tuƙi da na inshorar jama'a ya sabunta matsayinsa ba, sunansa na iya fitowa a jerin waɗanda ake zargi, kamar yadda aka yi a Texas. Idan takardar ta ɓace, sake ta ya haura dala 500. Akwai kuma 'ya'yan da aka kawo suna ƙanana suka zama 'yan ƙasa kai tsaye ranar da uba ko uwa suka yi rantsuwa, bisa dokar 2000. Su ba a ba su wata takarda sai sun nema, kuma ta hukumar shige da fice ta haura dala 1,000, shi ya sa fasfo ya fi musu sauƙi.

Mazauna zango a Ghana sun san irin wannan tambaya ta wata fuskar. A 2020 Kotun Ƙolin Ghana ta ce takardar haihuwa ba ta tabbatar da zama ɗan ƙasa, aka yi rajistar shekarar da fasfo ko Ghana Card ko mutum biyu masu rajista su tsaya wa mutum. Dalilin bambancin shi ne a Ghana ta jini ake gadon ƙasa, a Amurka kuwa gyaran kundi na 14 na 1868 ya sa haihuwa a ƙasar ta wadatar, shi ya sa takardar haihuwa ke da wannan nauyi a jerin takardun ƙudirin SAVE. Umarnin da Trump ya sa wa hannu a Janairun 2025 na taƙaita wannan haƙƙi ga 'ya'yan wasu baƙi, wanda kotuna suka dakatar tun makonninsa na farko, ya taɓo wannan tushe: da zai yi aiki, takardar haihuwar yaran da za a haifa nan gaba ba za ta isa shaida ita kaɗai ba sai an haɗa da takardun iyaye.